Likitoci da bam ɗin nukiliya: daga ina maganar ta taso?

Daren jiya a fada muna shan shayi wani ƙanena da ke karatun likita ya kawo zancen, sai wani ya ce to mi ya haɗa likita da bam, ai aikin soja ne da 'yan siyasa. Wallahi akwai haɗi, kuma ya daɗe.

Abin ya faro tun Hiroshima, garin Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya, 6 ga Agusta 1945. Likitocin garin kusan 300 ne, mafi yawansu sun mutu ko sun ji rauni a ranar, asibitoci sun rushe, ga mutane fata na saluɓewa suna neman ruwa, babu mai ko ɗaure musu miki. Nan likitoci suka gane wannan ciwo ba a maganinsa bayan ya auku, sai dai a hana shi aukuwa.

Daga baya a Amurka wata likita, Louise Reiss, ta shiga tara haƙoran da yara ke famfara, aka gwada aka iske gubar sitironshiyom 90 ta gwaje-gwajen bam a ciki, ta bi ciyawa ta shiga nonon shanu ta zauna a ƙashin yaro. Wannan na cikin abin da ya tada hankalin iyaye, 1963 aka hana gwaji a sararin sama.

A 1980 Bernard Lown na Amurka da Yevgeny Chazov na Tarayyar Sobiyat, dukansu likitocin zuciya, ƙasashensu kuwa ba sa ga maciji, suka kafa IPPNW, ƙungiyar likitocin duniya masu neman hana yaƙin nukiliya, da abokan aikinsu, 1985 ta samu kyautar Nobel. Abin da ya fi burge ni, a Oslo ana taron manema labarai wani ɗan jaridar Sobiyat ya yanke jiki ya faɗi zuciyarshi ta tsaya, su biyun suka durƙusa ƙasa suna danna mishi ƙirji, kuma ya rayu. Ita dai ƙungiyar ce ta haifi ICAN, gangamin neman kawar da makaman nukiliya, a 2007, har aka kai ga yarjejeniyar haramta makaman a 2017, ta fara aiki Janairu 2021, sai dai masu bam ɗin ko ɗaya bai sa hannu ba.

Kuma kar mu ce nesa ne da Maradi. Faransa ta tada bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, 13 ga Fabrairu 1960, lokacin hunturu, iska daga arewa take zo muna. Uraniyom kuma, ma'adinin da ake haɗa bam ɗin da shi, tun 1971 ake haƙo shi a Arlit.