Ruwan naƙuda: yadda yake aiki da inda haɗarinsa yake

Mene ne ruwan naƙuda?

Sunansa oksitosin. Ƙwaƙwalwar mace ce ke samar da shi, ta sako shi cikin jini, ya sa mahaifa ta riƙa murɗawa tana saki. Shi ke tunkuɗo nono idan jariri ya kama mama, shi ya sa mai jego kan ji ciwon mara tana shayarwa. Na asibiti irinsa ne sak, tun 1953 aka fara haɗa shi.

Yaya ake sa shi idan naƙuda ta yi sanyi?

Ta ƙarin ruwa kaɗai. A wani tsari da ake bi, ana zuba yunit 2.5 cikin ledar ruwa mai mililita 500, a fara da ɗigo 10 a minti, a ƙara 10 duk bayan minti 30, har naƙuda ta riƙa zuwa sau 3 cikin minti 10, kowace ta haura daƙiƙa 40. Ma'aikaciya na dafe da cikin tana ƙirgawa, tana sauraren bugun zuciyar ɗa. Maganin ba ya daɗewa a jini, don haka da an ga ya yi yawa, sai a rufe ruwan, cikin mintoci mahaifa ta lafa.

To me ya sa ake hana yin allurar a gida?

Allurar da ta shiga cinya ba mai maido ta. Ɗa na samun jini da iska ne a ɗan hutun da ke tsakanin naƙuda da naƙuda. Idan mahaifa ta ƙanƙame babu saki, sai ya galabaita. In kuwa ƙugu ne ya yi masa kaɗan, ko ya zo a gicciye, ko uwar tana da ɗinkin tiyatar baya, ko ta yi haihuwa biyar zuwa sama, mahaifar na iya fashewa. Mai kemis da ke zuwa da sirinji a aljihu bai duba ko ɗaya cikin waɗannan ba. Doguwar naƙuda a ƙauyukan Daura ko Katsina mota take buƙata zuwa babban asibiti, inda za a iya yin aiki.

Bayan haihuwa fa?

Nan ne amfaninsa mafi girma. Cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan an tabbatar babu na biyu, ana yi wa kowace mace yunit 10 a cinya. Mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, ta matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. Jinin da ya kai mililita 500 ya zama abin gaggawa.

An yi allurar amma jini bai tsaya ba. Me ya faru?

Ko dai mahaifar ce ta ƙi dunƙulewa, ko yagewa ce, ko guntun mabiyiya ya saura, ko maganin ya mutu. A firij ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 da 8, kuma zafin Afrilu a Katsina na haura 40. Kwalbar da ta yi watanni a kan kantar kemis ba ta sauya kala, ƙarfinta ne ke tafiya.

Inda babu firij fa?

Akwai ƙwayar misoprostol: uku masu maikrogiram 200, a haɗiye bayan ɗa ya fito, ba kafin nan ba. Takan kawo rawar sanyi da zazzaɓi na ɗan lokaci. Ergometrin kuwa, wani maganin tsayar da jini bayan haihuwa, ba a ba mai hawan jini.