Sauya tambarin kamfani: me ake nema, me ake rasawa?

A watan Agustan 2025, Cracker Barrel, wani kamfanin gidajen abinci na Amurka mai rassa fiye da 600, ya fito da sabon tambari. Tun 1977 tambarinsa na ɗauke da hoton wani tsoho zaune a kujera ya jingina da ganga. Sai aka cire tsohon da gangar, aka bar sunan kaɗai a kan launin rawaya. Ƙura ta tashi a shafukan sada zumunta, darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi da kusan kashi 7 cikin 100 a yini guda, har Shugaba Donald Trump ya sa baki. Cikin mako ɗaya kamfanin ya janye, ya dawo da tsohonsa. Ga wasu tambayoyi da irin wannan labari kan jawo.

Wai mene ne tambari, kuma shi kaɗai ne kamannin kamfani?

Tambari shi ne alamar da ake ganewa da kallo ɗaya: zane, ko suna da aka rubuta da wani salo, ko duka biyun a haɗe. Kamannin kamfani kuwa sun fi haka faɗi. Akwai launi, akwai salon haruffa, da siffar kwalba ko kwali, da kayan ma'aikata, da fentin shago, har da ɗan kiɗan da ke tashi idan an kunna waya. Wanda ya hango laima rawaya a bakin titi ya san katin wa ake sayarwa tun kafin ya iya karanta abin da ke jikinta.

Me ya sa mutane ke jin zafi haka a kan zane kawai?

Domin da zanen suke sayayya. Tsaya a gaban mai tebur na minti goma ka saurara. Yarinyar da aka aiko za ta ce a ba ta Maggi mai tauraro. Wata ta ce sabulu mai agwagwa. Ba wanda ke karanta sunan kamfani ko adireshinsa. Uwar da ta yi aiken ma ba ta duba rubutu, idan leda ta zo ba da hoton da ta saba gani ba, sai ta ce an ba yarinya jabu, a mayar. Mai tebur zai yi ta rantsuwa cewa kayan nan ne dai, kwali kawai aka sauya, amma ina, zuciya ta riga ta ƙi.

Wannan ba halin wanda bai yi boko ba ne kaɗai. A farkon 2009 kamfanin lemon kwali na Tropicana ya cire hoton lemo da aka soka wa tsinken zuƙa daga jikin kwalinsa a Amurka, ya sa hoton kofi cike da ruwan lemo. Cikin kimanin wata biyu ciniki ya ragu da kashi 20 cikin 100. Masu saye suna wucewa ta gaban kanta ba su gane kayansu ba. Dole aka dawo da tsohon kwali. Kamfanin tufafi na Gap ma ya ɗanɗana a Oktoban 2010, sabon tambarinsa bai wuce mako guda ba.

To in haka ne, me ke kai kamfani ga taɓa abin da ke masa aiki?

Dalili mafi sauƙi shi ne an sayar da kamfanin. Duk mai tsohon layin 0802 a Najeriya ya ga wannan da idonsa: Econet a 2001, Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Layi ɗaya, suna biyar cikin shekara goma, kowane da launinsa. Haka Etisalat ta koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashi da bankuna ya sa uwar kamfanin ta Abu Dhabi ta janye. A Nijar kuma Orange ta sayar da reshenta a 2019, daga baya ya zama Zamani. A nan ba zaɓi, sunan na mai shi ne, ya tafi da abinsa.

Wani lokaci kuma kamfanin ne ke son a daina kallonsa da sana'a ɗaya. Shi ya sa uwar kamfanin Facebook ta koma Meta a Oktoban 2021. MTN ma da ta sabunta tambarinta a Fabrairun 2022, ta ce tana so a san ta a matsayin kamfanin fasaha, har da harkar kuɗi ta waya, ba na kira da saƙo kaɗai ba.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba: sabon shugaba ya zo, yana son a ga hannunsa. Gyara ingancin kaya yana cin shekaru, sauya tambari kuwa wata uku ya isa a kira 'yan jarida.

Me ya sa sababbin tambura duk suka yi kama da juna, ba ado ba kwalliya?

Wayar hannu ce ta jawo. Da can ana zana tambari ne don allon talla da jikin mota. Yau sai ya shiga ɗan murabba'in da bai kai farcen babban yatsa ba a fuskar waya, kuma a gane shi. Inuwa da ƙyalli da ƙananan layuka duk sukan cakuɗe a wannan girman. Google ta sauƙaƙa haruffanta a 2015. Mastercard ta cire sunanta gaba ɗaya a 2019, ta bar da'ira biyu, ja da rawaya. MTN ta zubar da shuɗi da ɗigon ja, ta bar baƙin rubutu cikin zobe a kan rawaya.

A ganina MTN ta yi dabara, domin ta riƙe abin da ido ya fi sabawa da shi, wato launin. Cracker Barrel kuwa abin da mutane ke ƙauna shi ta cire. Wanda ke zuwa wurin yana neman tuna ƙauye ne da girkin kaka, sai aka miƙa masa alama mai kama da ta banki.

Shin duk wanda aka yi wa ca yakan janye?

A'a. Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, a Yulin 2023 ya kori shuɗin tsuntsun nan ya sa harafin X. An yi surutu iya surutu, bai waiwaya ba. Sai dai har yau za ka ji gidajen rediyo na cewa “shafin X, wanda a da ake kira Twitter”. Alamar ta sauya a dare ɗaya, bakin mutane bai bi ba tukuna.

Sai an kashe maƙudan kuɗi ake samun tambari mai kyau?

Alamar Nike wata ɗaliba ce a birnin Portland na Amurka, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Tambarin gasar Olamfik ta Landan ta 2012 kuwa ya ci fam 400,000, ya kuma sha zagi tun ranar da aka nuna shi. Kuɗin zane ma ba shi ne babban nauyi ba. Nauyin yana wajen sauya allunan rassa, da fentin motoci, da kwalayen da aka riga aka buga jibgi guda suna ajiye a sito.

Mai ƙaramar sana'a fa, mai turaren wuta ko kilishi ko ɗinki, ina zai sa ido?

Ya gwada tambarin a wurare uku kafin ya biya mai zane: a hoton WhatsApp, a kan hatimi mai tawada ɗaya, da kuma a jikin leda. In ya fito a ukun, ya yi. Ya kuma karɓi ainihin fayil ɗin zanen, irin wanda ake ƙara wa girma bai dushe ba, kada ya tsaya ga hoton da aka turo masa ta waya. Da yawa sai ranar da suka je buga babban allo suke gane cewa abin da ke hannunsu bai da amfani, mai zanen kuma ya sauya lamba.

Rajistar CAC ta isa ta kare tambari?

Nan mutane da dama ke tuntuɓe. CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, sunan kasuwanci ko kamfani take yi wa rajista. Tambari yana da nasa ofishin daban, wato ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ana yin ta ne bisa rukunin kaya, kuma rukunan 45 ne, don haka wanda ya yi rajista a rukunin turare bai rufe ƙofar mai sayar da takalmi ba.

A Nijar da Kamaru da Chadi tsarin daban ne. Suna cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Ɗan kasuwar Kano da kayansa ke shiga Maraɗi da Damagaram sai ya yi rajista sau biyu, ɗaya a Abuja, ɗaya ta OAPI.