Abin kunya daban, laifi daban: me sashe na 36 ya ce?

A unguwa, kalmar "laifi" tana da faɗi. Yaron da ya wuce dattijo bai gaishe shi ba ya yi laifi, wanda ya fasa shago cikin dare shi ma ya yi laifi. A gaban alƙali kuwa ba haka abin yake ba. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai an fayyace laifin a rubutacciyar doka, an kuma rubuta hukuncinsa. Rubutacciyar doka ita ce wadda Majalisar Tarayya ko majalisar dokokin jiha ta zartar, da ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinsu. Al'ada, komai tsufanta, ba ta isa ta kai mutum gidan yari ba.

An gwada wannan ƙa'ida tun 1961, ƙarƙashin tsarin mulkin wancan lokaci, a shari'ar Aoko da Fagbemi. Wata kotun gargajiya a Yankin Yamma ta samu wata matar aure da laifin zina, babbar kotu ta soke hukuncin. Dalili? Jama'a na ƙyamar abin, amma babu inda dokar manyan laifuka ta Kudu ta rubuta shi a matsayin laifi. A Arewa kuwa, kundin laifuka da ya fara aiki a 1960 ya ambaci zina a sassa na 387 da 388. Ka ga aiki ɗaya, hukunci ya bambanta tsakanin Ibadan da Kaduna, don abin da majalisa ta rubuta ya bambanta.

Shi ya sa da Zamfara ta faɗaɗa shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, sai da majalisar jihar ta zauna ta rubuta haddi da ƙisasi da ta'aziri sashe-sashe. Jihohin da suka biyo baya ma haka suka yi.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun bashi. Tela ya karɓi shadda bai gama ɗinkin sallah ba, ko ɗan kasuwa ya ɗauki buhun masara goma, kasuwa ta faɗi, ya kasa biya. Sai ka ga an kira 'yan sanda, an tasa ƙeyarsa gaban matarsa da 'ya'yansa, ya kwana a bayan kanta. Rashin cika alkawari abin zargi ne, mai haƙƙi kuma yana da damar ya kai ƙara kotu a karɓo masa kuɗinsa. Amma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita hakan. Dokokin biyu sun kuma hana kama uwa ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Damfara daban ce: wanda tun farko ya yi ƙarya don ya raba ka da dukiyarka, wannan laifi ne rubutacce.

Idan an gurfanar da naka, ka nemi a karanta takardar tuhuma, ka saurari sunan dokar da lambar sashen da aka ce ya karya. In babu su, nan lauyansa zai fara magana.