Waiwaye: Cinikin intanet da alƙawarin kasuwar da babu mai ita

Tun da Jumia da Konga suka buɗe a Legas a 2012, abin da ke ci wa cinikin intanet tuwo a ƙwarya shi ne amana. Mai saye ba ya son sakin kuɗi bai ga kaya ba, mai sayarwa ba ya son sakin kaya bai ji alat ba. Kamfanonin sai suka tsaya a tsakani, suka kawo tsarin biya bayan kaya sun iso, suna cire kamashonsu.

Yawancin 'yan kasuwarmu na Abuja ba ta nan suka bi ba. Mai atamfa a Kasuwar Wuse, mai waya a Banex, matar aure mai turaren wuta a Kubwa, duk shagonsu Instagram ne da WhatsApp. A ɗora hoto, a yi ciniki da saƙon murya, a turo lambar asusu, yaron shago ya kai wa direba ƙunshi a tashar Jabi da lambar mai karɓa a jiki. Sai dai wannan shagon na intanet na wani kamfani ne, ba nasu ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida, ciniki ya tsaya cak. Wanda aka toshe wa shafi kuwa, mabiyan da ya yi shekaru yana tarawa sun tafi ke nan, ba shi da inda zai kai kuka.

Wannan giɓin ne masu Web3, wato tsarin intanet da babu kamfani ɗaya da ke riƙe da shi, suka ce za su cike. Asalin abin Bitcoin ne, kuɗin intanet wanda ya fara aiki a 2009 a kan bulokcen, kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, babu mai iya goge shi shi kaɗai. Masanin kwamfuta Gavin Wood ya fito da sunan Web3 a 2014, Ethereum, wani bulokcen ɗin, ta zo a 2015 da yarjejeniya mai zartar da kanta: kuɗin mai saye ya zauna a kulle, ba zai faɗa hannun mai kaya ba sai an tabbatar kaya sun isa. Shaidar da kwastomomi suka yi wa ɗan kasuwa ma ta zama tasa, ya tafi da ita duk dandalin da ya koma. Wannan ɓangaren na fi so, domin sunan kirki shi ne jarin ƙaramin ɗan kasuwa.

An gwada. OpenBazaar, kasuwar intanet da babu mai ita kuma ba ta karɓar kamasho, ta buɗe a 2016, amma masu saye ba su taru ba, kamfanin da ke kula da ita ya janye a 2021.

A nan gida kuwa hukuma ta yi ta kai-komo. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ranar 25 ga Oktoba Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira a fadarsa, nairar dijital da ke hannun bankin ɗungurungum. An janye haramcin a Disambar 2023, aka tsare jami'ai biyu na Binance, kamfanin hada-hadar kirifto, a Abuja a Fabrairun 2024, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hannun jari. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, OPay da Moniepoint jama'a suka runguma, ba bulokcen ba. Inda abin ya kama ƙasa shi ne wajen masu saro kaya daga Sin, waɗanda wasunsu ke biya da USDT, kirifto mai bin darajar dala, saboda wahalar samun dala. Rushewar CBEX, dandalin zuba kuɗi da ya tafi da kuɗin jama'a, a Afrilun 2025 kuma ta ƙara sa mutane ɗari-ɗari, ba kuma laifinsu ba ne.

Abin da masu tallar Web3 ba su cika faɗa ba shi ne, kundi ba ya ganin kaya. Idan Hajiya a Jos ta buɗe ƙunshi ta ce ba wannan leshin ta zaɓa ba, babu kwamfutar da za ta raba gardama. OpenBazaar kanta sai da ta tanadi mai shiga tsakani, mutum na uku da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, mai riƙe da mabuɗi ɗaya cikin uku na kuɗin. A Wuse shugabannin kasuwa sun daɗe suna wannan sulhu, kuma duk manhajar da ke son shiga cinikinmu, da su ya kamata ta fara zama.