Dokar Ohm: lissafin turjiya da ƙarfin lantarki

Dokar Ohm ƙa'ida ce ta kimiyyar lantarki da ke haɗa abubuwa uku. Na farko matsin da ke tura wuta cikin waya, ana aunawa da bolt, alamarsa V. Na biyu yawan wutar da ke kwarara, ana aunawa da amfa, alamarsa I. Na uku turjiya, wato yadda waya ko na'ura ke ƙin barin wuta ta wuce, ana aunawa da om, alamarta R. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Georg Simon Ohm, wanda ya rayu daga 1789 zuwa 1854, shi ya wallafa ƙa'idar a 1827, kuma da sunansa aka kira ma'aunin turjiya.

Ana rubuta dokar haka: V = I × R. Wanda ya san biyu daga cikin ukun zai iya fitar da na ukun. Idan turjiya ake nema, sai a raba bolt da amfa: R = V ÷ I. Shi kuwa ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat don tunawa da James Watt, ana samun sa ne idan aka ninka bolt da amfa: P = V × I. Idan aka gwama ƙa'idojin biyu sai wasu biyu su fito, P = I² × R da kuma P = V² ÷ R.

A Gana wutar gida bolt 230 ce, kuma kamfanin ECG ne ke raba ta a Akara da Kumasi. A ɗauki dutsen guga mai wat 1,000 a shagon wani tela a unguwar Nima da ke Akara. Raba 1,000 da 230 zai ba da kimanin amfa 4.35, raba 230 da 4.35 kuma zai ba da turjiya ta kusan om 53. Idan dutsen ya yi awa ɗaya cur yana jan wuta, ya ci kilowat ɗaya na awa guda, shi ne yunit ɗin da mita ke cirewa daga kuɗin da aka saka. Fis mai amfa 13, irin wanda ke cikin filogi mai ƙafa uku, iyakar abin da aka yi shi ya ɗauka shi ne 230 × 13, wato wat 2,990. Butar lantarki mai wat 2,000 da wannan dutsen guga, idan suka haɗu a kan filogi ɗaya, sun riga sun kai iyakar.

Masu gyaran wutar mota a Suame Magazin da ke Kumasi da wannan lissafin suke aiki kullum, ko da ba su rubuta shi a takarda ba. Kwan fitilar gaba mai wat 55 a kan batir mai bolt 12 yana jan kusan amfa 4.6, turjiyarsa kuma wajen om 2.6 idan ya ɗau zafi. Ke nan ƙaramin kwan mota ya fi dutsen gugar tela jan amfa, duk da cewa ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma sha takwas na dutsen ba. Shi ya sa wayoyin mota ba sa son siranta, kuma tsatsa kaɗan a kan batir ta isa ta hana mota tashi.

Ƙa'idar da ta fi cancantar a riƙe ta da kyau ita ce P = I² × R, wadda ta samo asali daga gwaje-gwajen James Prescott Joule na Ingila kan zafin da wuta ke haifarwa. Waya ita ma tana da turjiyarta, komai ƙanƙanta, kuma zafin da take yi yana bin amfa ne a ninke da kanta. Doguwar waya siririya mai turjiyar rabin om, idan amfa 5 ke bi ta cikinta, wat 12.5 take mayarwa zafi. A ƙara lodi ya koma amfa 10, zafin ya zama wat 50. Wuta ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. A gidajen haya na zango, inda ake jan waya ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki, ga firiji ga murhun lantarki ga fanka, nan haɗarin yake. Ya fi muni idan an cire fis an ɗaura zaren waya a madadinsa, domin an kawar da abin da aka tanada ya ƙone kafin wayar bango ta ƙone.

Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa wutar da ke fitowa daga madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ba ta tafiya a bolt 230. Kamfanin GRIDCo yana ɗaukar ta a manyan layuka masu bolt 161,000, wasu ma 330,000. Matsi ya hau, amfa ta sauka, asarar hanya ta ragu ƙwarai, sannan taransifoma su sauko da ita mataki-mataki kafin ta shiga unguwa.

Idan wuta ta zo da rauni kuwa, P = V² ÷ R ce ke bayyana abin da ake gani. Matsi ya faɗo daga 230 zuwa 180, dutsen nan mai om 53 zai ba da wat 610 ne kawai.

Dokar tana da iyaka. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, don haka zaren tsohon kwan fitila, idan aka auna shi a sanyaye, turjiyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wadda yake da ita yana ci. Na'urori masu injin juyawa kamar fanka, firiji da famfon ruwa su ma ba sa bin P = V × I kai tsaye a wutar gida mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa; wat ɗinsu na gaskiya yana ƙasa da abin da ninkin ya bayar, shi ya sa ake rubuta ƙarfin janareta da taransifoma da kVA, wato ninkin bolt da amfa a dubu-dubu, maimakon kilowat. Wajen awo kuma, ana sa mitar bolt a gefe biyu na na'ura, mitar amfa a cikin layin da wuta ke bi, turjiya kuwa ba a auna ta sai an kashe wuta an zare na'urar daga soket.