Ma'anar TCR: hannun da ƙwayar T take laluben cuta da shi

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin koyarwa na Idi-Araba ko wani ɗakin gwaji a Yaba, wataƙila ya ji ana cewa "CD4 ɗinsa ya sauka". CD4 furotin ne a jikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Wannan T ɗin daga taimos aka ɗauko shi, wata 'yar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji inda ƙwayoyin suke balaga. Kalmar da ba a cika ambata wa majinyaci ba ita ce TCR, alhali da ita ƙwayar T take gane cuta.

TCR, wato T-cell receptor a Turance, furotin ne da ke tsaye a fatar ƙwayar T. A yawancinsu silili biyu ne, alfa da beta, kowanne da lanƙwasa uku a bakinsa. Waɗannan shida su ne yatsun da yake lalube da su.

Sai dai bairos zai iya wucewa ta gabansa a cikin jini bai sani ba. TCR ba ya gane komai sai an yanka an ɗora masa a faranti. Kusan kowace ƙwayar jiki, ban da jajayen ƙwayoyin jini, kullum tana sassara furotin da ke cikinta, ta ɗauki guntu mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 8 zuwa 10, ta kwantar da shi a cikin kwarin wani furotin mai suna MHC, wanda a jikin ɗan'adam ake ce wa HLA, ta miƙo shi waje. Kamar dillalin tumatir ne a Mile 12 da ya baje samfur a bakin kwando. Idan bairos ya shiga ƙwayar, guntunsa ma zai hau farantin, kuma wannan guntun shi ne antijin ɗin da ake nema.

TCR yana sauka a kai a karkace. Yatsu biyu na tsakiya, CDR3, su ne suka fi taɓa guntun, sauran kuma gefen farantin suka fi dafawa. Wato da samfur da faranti duka yake karantawa. Peter Doherty da Rolf Zinkernagel ne suka gano haka a 1974 a Ostireliya: ƙwayar T ta ɓera ta ƙi kashe ƙwayar da ta kamu idan MHC ɗinsu bai zo ɗaya ba. Sun karɓi kyautar Nobel a 1996. Siffar kwarin kuwa sai a 1987 Pamela Bjorkman da abokan aikinta a Harvard suka fito da ita.

Riƙon ba shi da ƙarfi, 'yan daƙiƙu ne ya saki. Shi ya sa yake da mataimaka: CD4 ko wani furotin mai suna CD8 ya tallafe farantin ta gefe, wani kuma mai suna CD3 ya kai saƙo cikin ƙwayar T.

Kowace ƙwayar T da irin nata TCR, domin tun tana ƙarama ake yanka gutsuren ƙwayoyin gado a harhaɗa su da ka. Taimos ya tace su, wadda ba ta gane faranti ba ta mutu, wadda ta cafki furotin jikin mai ita da ƙarfi ita ma ta mutu. Sama da kashi 90 cikin 100 ba sa fitowa, a ganina babu barikin da ya kai wannan tsanani.

Kowa ya san mai ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. HIV ya fi shi wayo. Yana da furotin mai suna Nef da ke janye farantan zuwa ciki, TCR ya zo ya rasa abin dafawa. Ƙofar da HIV yake shiga ƙwayar T kuma ita ce CD4 ɗin nan mai tallafe faranti. Lafiyayyen mutum yana da ƙwayoyin T masu CD4 kamar 500 zuwa 1,500 a kowace maikurolita ta jini, idan suka yi ƙasa da 200 likita zai ce cutar ta kai matakin ƙanjamau.