Shin doka ta ba manyan ƙasashe izinin afka wa ƙanana?

A fadojin shayi na Maradi an daɗe ana cewa doka ta yarje wa ƙasashe biyar masu kujerar naƙi a kwamitin tsaron Majalisar Ɗinkin Duniya su kai yaƙi duk inda suka ga dama. Abin da ido ya sha gani ne ya jawo zancen, amma ba haka aka rubuta ba.

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, sashi na 2, ya daidaita ƙasashe wajen ƴancin kai, ya haramta afka wa ƙasar wani. Sashi na 51 ya halatta kare kai idan an kawo hari. In ba haka ba, sai da amincewar kwamitin tsaro. Kujerar naƙi ƙuduri kawai take tarewa. Wanda ya tsallake waɗannan ƙa'idoji, doka ya taka, kuma talakawa ke mutuwa.

Kundin yana intanet da Faransanci da Larabci. Ku duba sassan biyu da kanku, ku tura wa ƴan'uwa wannan bayani.